Adireshin intanet, tsoho da sabo

KARATU

1. Tambayar Kaka

Madarunfa gari ne na jihar Maradi. Yana kudu da birnin Maradi, a bakin tafki. Mutanensa manoma ne da masunta da masu lambu. Wanda ya ƙara yin kudu zai iske Ɗan Isa. Daga nan sai iyaka, sai Jibiya, sai hanyar Katsina.

A wata unguwa ta garin akwai wata tsohuwa. Ɗanta yana sana'a a Katsina. Ba ta iya karatu ba, amma ba a fi ta iya zance ba. Kowace Jumma'a da marece jikarta, ƴar aji shida, takan riƙe mata salula. Tsohuwa ta gai da ɗanta, ta ba shi labarin gona, ta tambayi lafiyar iyali. In ta gama sai yarinya ta danna, saƙo ya tafi ta WhatsApp. Kafin a naɗe tabarma amsa ta zo.

Wata rana tsohuwa ta ce:

— Ke kishiya, wai ƙaƙa maganata take gane inda kawunki yake? Katsina babban birni ne. Ni da ƙafata ma sai na yi tambaya.

— Kaka, ai da lamba take tafiya.

— Wa ya raba lambar? In mutane suka yi yawa, ba ta ƙarewa?

Yarinya ta yi shiru. Yayanta yana gefe, yana cin tuwo. Shi mai gyaran salula ne a Maradi. Ya karɓi salular, ya shiga wurin da ake daidaita ta, ya nuna wa ƙanwarsa wani layi. An rubuta « IP address », a ƙasa kuma 10.45.3.7.

— Ga lambar da Kaka take nufi. Lambar tarho daban, wannan daban. Kullum ina ganinta wurin aiki, amma bayaninta duk da Ingilishi yake. Ki kai wa malaminku.

2. Adireshi da ƙa'ida

Kashegari yarinya ta nuna wa Malam kayenta. Ya duba, ya ce:

— Kakarki ta yi tambayar da ta dami masana shekara da shekaru. Ita ce darasinmu na yau.

Ya ɗauki alli, ya rubuta « address » a allo. Wani yaro ya ɗaga hannu:

— Malam, ta yi kama da « adresse » ta Faransanci.

— Madalla. Da Hausa kuma adireshi ake cewa.

Wasiƙa ba ta tafiya sai da adireshi. A bayan ambulan akan rubuta suna, da lambar akwatin gidan waya, da gari, da ƙasa. Kiran tarho ma haka yake. Lambar Nijar tana farawa da +227, ta Najeriya da +234. A Ɗan Isa mutane da yawa suna riƙe da layi biyu, na nan da na ƙetare.

Intanet ma tana da nata adireshi. Lambar tarho tana nuna mai layin. Adireshin intanet kuwa yana nuna inda na'ura take cikin rezo, domin saƙo ya iske ta. Salula, kwamfuta, duk wata na'urar da ta shiga intanet, sai an ba ta shi. Na'ura da Ingilishi « device » ce. Rezo kuma « network ».

Haruffan nan biyu, I da P, gajarta ce ta « Internet Protocol ». Ma'anar « protocol » ƙa'idar da kowa ya yarda da ita. Baƙo yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama. Mai gida ya amsa. A gaisa, sa'an nan a faɗi abin da ya kawo shi. Ba wanda yake fara magana daga tsakiya. Na'urori ma suna da irin wannan ƙa'ida. Ita ce ta sa salular da aka ƙera a Sin take jin maganar kwamfutar da aka ƙera a Amurka.

3. Ƙunshi da mai nuna hanya

Maganar Kaka ba ta tafiya a dunƙule. Salula takan yanka ta ƙanana ƙanana. Kowane yanki sunansa « packet », wato ƙunshi. A kan kowane ƙunshi akwai adireshi biyu: na inda ya fito da na inda za shi.

A tashar mota ta Maradi akwai ƴan kamasho. Fasinja ya faɗi garin da za shi, su nuna masa mota. Ɗan kamasho ba ya raka shi har gida. Aikinsa ya sa shi a hanyar da ta dace, in ya isa tasha ta gaba wani ya ƙara nuna masa. A intanet na'urar da take wannan aiki sunanta « router ». Tana duba adireshin da ke kan ƙunshi, ta miƙa shi ga ƴar'uwarta ta gaba. Haka ƙunshi yake wucewa hannu zuwa hannu har ya isa.

Saƙon Kaka ba ya bin Ɗan Isa da Jibiya kamar mota. Yakan fara zuwa ga wata babbar kwamfuta ta kamfanin WhatsApp, a wuri mai nisa. Irin wannan kwamfuta ita ce « server ». Daga can ne saƙon yake juyowa zuwa Katsina. A salular kawu ƙunshi duka suke haɗuwa, su koma maganar Kaka kamar yadda ta faɗe ta.

Mutum ya fi riƙe suna bisa lamba. Saboda haka a 1983 wani masani, Paul Mockapetris, ya tsara hanyar da za a rubuta suna, na'ura ta nemo adireshinsa da kanta. Ana kiran tsarin DNS. Ya yi kama da jerin sunayen da ke cikin salula: a danna « Kawu », lamba ta fito. Irin wannan suna shi ne « domain name ». Kowace ƙasa tana da nata ƙarshen suna. Na Nijar .ne, na Najeriya .ng, na Faransa .fr.

4. Tsohon tsari

Masana biyu na Amurka, Vint Cerf da Bob Kahn, su ne suka bayyana tushen ƙa'idar intanet a 1974. A watan Satumba na 1981 aka fitar da takardar da ta tsayar da siffar adireshi. Ana kiran wannan siffa IPv4. Harafin v yana nufin « version », wato zubi. IPv4 zubi na huɗu ke nan.

Adireshin IPv4 lamba huɗu ne, da ɗigo a tsakaninsu. Misali: 192.0.2.1. Ɗigo da Ingilishi « dot ». Kowace lamba tana tsakanin 0 da 255, ba ta wucewa.

Domin mi 255? Na'ura ba ta san komi ba sai abu biyu: 0 da 1. Kamar fitila ce, ko tana kashe ko tana kunne. Wannan ƙwaya ɗaya ita ce « bit ». Fitila 1 tana da hali 2. Fitila 2 suna da hali 4. Fitila 3 suna da hali 8. Duk fitilar da aka ƙara, sai yawan ya ninka. Fitila 8 suna da hali 256, wato daga 0 zuwa 255.

Adireshi ɗaya yana da irin wannan jeri huɗu, bit 32 ke nan. Malam ya yi lissafin a allo:

256 × 256 = 65 536
65 536 × 256 = 16 777 216
16 777 216 × 256 = 4 294 967 296

Adireshin IPv4 duka bai wuce haka ba: miliyar 4 da ƴan kai. Miliyar ɗaya miliyan dubu ce. A 1981 an ga kamar ba za su taɓa ƙarewa ba. Lokacin nan kwamfutocin da ke haɗe da juna ƴan ɗaruruwa ne, a jami'o'i da wuraren bincike. Ba a zaci wata rana tsohuwa a Madarunfa za ta buƙaci adireshi ba. A watan Nuwamba na 2022 mutanen duniya sun kai miliyar 8. Wasu suna da na'ura biyu, wasu uku.

5. Rumbu ya yi ƙasa

An kasa adireshin IPv4 kashi 256. Kowane kaso, wato « block », yana da adireshi 16 777 216. Waɗanda suka fara zuwa sun kwashi da yawa. Kamfanin Apple shi kaɗai ya sami kaso guda cur, wanda yake farawa da 17. A ƙidayar 2012 mutanen Nijar duka miliyan 17 ne da ƴan kai. Ashe abin da kamfani ɗaya ya samu ya kusa isar ƙasa guda. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na adireshin IPv4 a Amurka yake.

Babban rumbun adireshi yana hannun wata hukuma mai suna IANA. Ita take ɗebar wa ƙananan rumbuna biyar, kowane yanki na duniya da nasa. Na Afirka sunansa AFRINIC. Yana tsibirin Moris, cikin tekun Indiya. Shi ne auta, a 2005 aka amince da shi. Daga wurinsa kamfanonin tarho na Nijar da Najeriya suke samun adireshi, su kuma su ara wa masu layi.

Ranar 3 ga Fabrairu 2011 babban rumbu ya ƙare. Kaso biyar suka rage, aka ba kowane yanki ɗaya. Na Afirka shi ne wanda yake farawa da 102. Daga nan ƙananan rumbuna suka bi: na Asiya ya yi ƙasa a 2011, na Turai a 2012, na Amurka ta Kudu a 2014, na Amurka ta Arewa a 2015. A 2017 AFRINIC ya fara awo da ƙaramar tiya. A 2020 ya ƙara tsukewa. Da Ingilishi akan ce « the addresses ran out », wato adireshi ya ƙare.

Abin da ya yi ƙaranci, kasuwa yake shiga. A 2011 kamfanin Microsoft ya sayi adireshi 666 624 a kan dalar Amurka miliyan 7 da rabi. A Nijar kuwa mutane da yawa ba su shiga intanet ba tukuna, kuma yara sun fi manya yawa. Duk za su buƙaci adireshi. In sai an saya da tsada, kuɗin daga aljihun mai sayen kiredi zai fito.

6. Akwati ɗaya, mutum dubu

Yarinya ta ɗaga hannu:

— Malam, in ya ƙare tun 2011, ƙaƙa salular Kaka ta sami nata?

— Aro ne, kuma na cikin gida ne.

A ƙauye ba kowa yake da akwatin gidan waya ba. Sau da yawa akwatin makaranta ko na wata ma'aikata shi yake karɓar wasiƙun unguwa duka. Gidan waya akwati ɗaya ya sani. Mai mabuɗi shi ne ya san wasiƙar wane ce, ya miƙa wa kowa tasa.

Haka kamfanonin tarho suke yi. Adireshin da duniya take gani shi ne « public address ». Kamfani yakan tara mutane da yawa a bayan guda ɗaya. Kowace salula kuma a ba ta « private address », na cikin gida. Irin wannan yakan fara da 10, ko da 192.168. Shi ne yayan yarinya ya gani. Ba ya aiki a wajen rezon kamfanin. Wata salula a wata ƙasa tana iya samun lamba iri ɗaya da shi, ba tare da rikici ba. Ana kiran wannan dabara NAT. Kalmarta ita ce « share », wato tarayya.

Dabarar ta taimaka, amma tana da wahala. Kamfani sai ya sayi manyan na'urori masu riƙe lissafin wane ya aika mi. Wanda yake waje ba ya iya ƙwanƙwasa ƙofar na'urar da ke ciki kai tsaye. In mutum ɗaya ya yi ɓarna aka toshe adireshin, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su ma ƙofa ta rufe musu.

7. Sabon tsari

Tun farkon shekarun 1990 masana suka hango ƙarewar nan. A watan Disamba na 1995 suka fitar da sabon zubi, IPv6. An tsallake 5 domin an riga an ba wani gwaji wannan lamba. An gyara takardar IPv6 a 1998, aka tabbatar da ita a 2017.

Adireshin IPv6 bit 128 ne. Wani yaro ya ce:

— Malam, ninki huɗu ke nan.

— Tsawonsa ninki huɗu ne. Yawansa fa? Tuna da fitila.

Bit 33 kawai ya ninka IPv4 sau biyu. Bit 34 sau huɗu. Kafin a kai 128 an ninka sau 96, ninki bisa ninki. Malam ya fara rubutu daga wannan gefen allo har wancan:

340 282 366 920 938 463 463 374 607 431 768 211 456

Ƴan aji suka ƙirga, harafin lissafi 39 ne. Ba wanda ya iya karanta shi.

Ana rubuta sabon adireshi rukuni takwas, da ɗigo biyu a tsakani. Ɗigo biyu da Ingilishi « colon ». Ban da 0 zuwa 9, ana aiki da haruffa shida: a, b, c, d, e, f. Misali:

2001:0db8:0000:0000:0000:0000:0000:0001

Yana da tsawo, saboda haka akan gajarta shi. A zubar da sifirin da ke farkon rukuni. Rukunan da suke sifiri zalla a jere kuma a maye su da ɗigo biyu sau biyu. Wannan sau ɗaya kawai ake yinsa cikin adireshi. Sai ya koma:

2001:db8::1

8. Ƙaura

Nijar ta taɓa yin irin wannan ƙaura. Da can lambar tarho harafi shida ce, wato lamba miliyan ɗaya kawai za a iya samu. Da salula ta yawaita, a 2006 aka mai da ita harafi takwas. Tarhon gida aka sa masa 20 a gaba. Lambar da take farawa da 41 a Maradi ta koma 20 41. Mutane suka gyara littattafansu da allunan shagunansu. Ɗaga abu daga tsohon zubi zuwa sabo shi ne « upgrade ».

Intanet ma ta taɓa ƙaura a rana ɗaya. Ranar 1 ga Janairu 1983 rezon farko, mai suna ARPANET, ya bar tsohuwar ƙa'idarsa ya koma sabuwa. Na'urorin kaɗan ne, shi ya sa abin ya yiwu. Yau na'urori miliyar da yawa ne, a ƙasashe kusan ɗari biyu. Ba sarkin da zai yi shela kowa ya tashi rana ɗaya.

Ga kuma wata matsala: IPv4 da IPv6 ba sa jin maganar juna. Saboda haka aka nemi hanyoyin zama tare.

Hanya ta farko sunanta « dual stack ». Na'ura ta riƙe adireshi biyu, tsoho da sabo. In ta gamu da mai jin sabo, ta yi sabo. In ta gamu da mai jin tsoho, ta yi tsoho. Ƴan aji suka yi dariya, domin abin da suke yi ke nan kullum: Hausa da Kaka, Faransanci da baƙon da bai ji Hausa ba.

Hanya ta biyu « translation », wato fassara. A sa wata na'ura a tsakani ta zama tafinta.

Hanya ta uku « tunnel ». A sa sabon ƙunshi cikin tsohon ƙunshi, kamar ambulan cikin ambulan, ya ƙetare yankin da bai san sabo ba, a buɗe shi a can gaba.

Ranar 8 ga Yuni 2011 manyan kamfanoni, irin su Google da Facebook, suka gwada IPv6 na kwana ɗaya. Ranar 6 ga Yuni 2012 suka kunna shi, ba su sake kashewa ba. A 2023 fiye da kashi 40 cikin 100 na masu shiga Google da sabon adireshi suke shiga. A ƙasashen Afirka da yawa, har da Nijar, tsohon ne ya fi yawa.

Ƙaurar tana buƙatar sababbin na'urori. Tana kuma buƙatar mutanen da suka san aikin. Takardun ƙa'idar intanet ana kiransu RFC. Tun 1969 ake fitar da su, da Ingilishi, kuma kyauta ne ga duk mai son karantawa. Ta IPv4 ita ce lamba 791, ta IPv6 lamba 8200. Wanda ya san kalmomin, ƙofa a buɗe take gare shi.

9. Amsa

Da marece yarinya ta iske Kaka tana tsince wake.

— Kaka, kin yi gaskiya. Lambar ta ƙare tun 2011. Wadda kike aiki da ita ma aro ce, ke da mutane da yawa.

— Na faɗa miki! To, yanzu fa?

— An yi sabuwa. Malam ya rubuta yawanta, allo ya cika.

— In ta iso nan, ki karɓo mini tawa ni kaɗai. Na gaji da tarayya da kishiyoyi.

Yayanta ya jawo kujera, ya ce:

— Ƙanwata, ara mini kayen nan in kwafi kalmomin.

KALMOMI

Ingilishi — Faransanci — Hausa

address — adresse — adireshi
network — réseau — rezo, na'urorin da ke haɗe da juna
protocol — protocole — ƙa'idar da aka yarda da ita
device — appareil — na'ura
packet — paquet — ƙunshin saƙo
router — routeur — na'ura mai nuna wa ƙunshi hanya
server — serveur — babbar kwamfuta mai yi wa wasu hidima
domain name — nom de domaine — sunan wuri a intanet
version — version — zubi
bit — bit — ƙwayar 0 ko 1
digit — chiffre — harafin lissafi, daga 0 zuwa 9
dot — point — ɗigo
colon — deux-points — ɗigo biyu
block — bloc — kaso
public — public — na fili
private — privé — na cikin gida
old — ancien — tsoho
new — nouveau — sabo
upgrade — mise à niveau — ɗagawa zuwa sabon zubi
translation — traduction — fassara
tunnel — tunnel — hanya ta cikin wata hanya
to send — envoyer — aikawa
to receive — recevoir — karɓa
to share — partager — tarayya
to run out — s'épuiser — ƙarewa

LAFAZI DA RUBUTU

1. Haruffan IP: da Ingilishi ai-pi, da Faransanci i-pe.
2. Hausa ba ta da sautin p. A rufe leɓɓa gaba ɗaya, sa'an nan a sake su da iska. Ku gwada da packet, protocol, public, private.
3. Sautin v: haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Ku gwada da version, device, server.
4. Kalmar router: a Ingila ruta ake cewa, a Amurka rauta. Duka daidai ne.
5. Ku lura da ƴan'uwan da suka yi kama. Address tana da d biyu, ba ta da e a ƙarshe. Adresse tana da d ɗaya, tana da e. Protocol ba ta da e a ƙarshe, protocole tana da shi.

NAHAWU

1. Wurin kalma. Ingilishi yakan sa kalmar da take bayani a gaba. Hausa da Faransanci sukan sa ta a baya.

IP address — adresse IP — adireshin IP
domain name — nom de domaine — sunan wuri
private address — adresse privée — adireshin cikin gida

2. Jam'i. A ƙara s: packet, packets, router, routers, bit, bits. In kalma ta ƙare da ss, a ƙara es: address, addresses.

3. Abin da ya wuce. Wasu kalmomin aiki suna ƙarewa da ed: share, shared; receive, received; upgrade, upgraded. Wasu kuwa sukan sake kama: send, sent, run out, ran out.

KARATUN INGILISHI

Ku karanta da ƙarfi, sa'an nan ku fassara da Hausa.

Every device needs an address.
The router sends the packet.
IPv4 has 32 bits. IPv6 has 128 bits.
The old addresses ran out.
Many phones share one public address.
The company upgraded its network.

TAMBAYOYI

1. Wace tambaya Kaka ta yi wa jikarta?
2. Mene ne bambancin lambar tarho da adireshin IP?
3. Da wane ma'aikaci na tasha aka kwatanta router? Domin mi?
4. Mi ya faru ranar 3 ga Fabrairu 2011?
5. Ina AFRINIC yake? Mene ne aikinsa?
6. Ku faɗi wahala biyu da ke cikin tarayya a adireshi ɗaya.
7. Domin mi ba a iya yin ƙaura zuwa IPv6 a rana ɗaya ba?
8. Ta wace fuska dual stack ya yi kama da ajinku?

AIKI

1. Ku cika gurbi da kalmar da ta dace: router, address, bits, shared.
a) Every phone needs an ……
b) The …… sends the packet.
c) IPv6 has 128 ……
d) Two phones …… one address.

2. Cikin waɗannan, wanne ne IPv4, wanne ne IPv6, wanne ne kuskure? Ku faɗi dalili.
a) 192.0.2.44
b) 2001:db8::7
c) 192.0.2.300
d) 192.0.2

3. Fitila 3 suna da hali 8. Hali nawa fitila 4 suke da shi? Fitila 5 fa? Ku ci gaba har 10.

4. Lamba nawa za a samu da harafi shida? Da harafi takwas fa? Sau nawa yawan ya ƙaru?

5. Ku gajarta: 2001:0db8:0000:0000:0000:0000:0000:0025

6. A gida, ku nemi izinin wani babba ya nuna muku layin IP address a salularsa. Kada ku kwafi lambar duka. Ku rubuta farkonta kawai, da irin alamar da ke tsakani: dot ko colon. Gobe za a ƙirga a aji, tsoho nawa, sabo nawa.